Garejin Auta Zai Bar Hannuna

Zuwa ga ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidan da yara, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya. Mu ma muna nan da godiyar Allah, sai dai mahaifiyar Auta har yau ba ta iya bi ta ƙofar garejin.

Kin san kuramen matan nan goma sha ɗaya da 'yata Auta take koya wa ɗinki a ciki. Tun rasuwarta ba su fasa zuwa ba. Kullum da safe su buɗe, su share, su bar kujerarta ba kowa. Ni ban iya maganar hannu ba, sai mu yi ta kallon juna. Shi ne na ce zan mayar da wurin gidauniya. Na sayo kekunan ɗinki shida, na sa aka rubuta allo, takardu duk da sunana, yadda na saba tun ina da babbar mota ɗaya tak.

Da na je rajista, lauya ya ce abin da na haɗa har yanzu dukiyata ce, ranar da na faɗi garejin da kekunan duk cikin gado za su shiga. Raina ya ɓaci, amma bai yi ƙarya ba. Babban yayan Auta ya riga ya kawo wani da ke son wurin don wankin mota. Lauyan ya ce hanya biyu ce: ko kamfani marar rabon riba, ko rajistar amintattu, wadda gidauniyar za ta tsaya da ƙafarta ta mallaki wurin da sunanta. Bayaninsa ya fi ƙarfin karatuna, sai na tambaye shi a wacce maganata za ta zama ta ƙarshe. Ya ce babu ko ɗaya.

Kwana tara ban koma ba. Shekara arba'in ba wanda ya taɓa sa hannu kusa da nawa, ke shaida ce. Amma ba ni da wani abin da zan ƙara yi wa yarinyar nan.

Na zaɓi amintattu, mu uku: ni, ke, da babbar cikin matan, wadda Auta take bar wa makulli. Na sa ki ne don ke kaɗai kike iya ce min na yi kuskure ba ki sunkuyar da kai ba. Ki sa hannu a shafi na huɗu na takardun da na haɗo miki, ki haɗo da kwafin katin shaidarki kafin wata ya ƙare. Lauyan ya tambaya ko a sa sharaɗin cewa biyu na iya cire na uku idan ya kauce. Na ce a sa, kuma kada a ware ni.

Ki gaida Gwaggo, ki gaida maigidan da takwarar Inna. Ku sa Auta a addu'a.

Yayanki.