Kwalekwalen da Tafki Ya Mayar

Zuwa ga Dogo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da ɗanka da iyalinsa a can birni. Na san za ka yi mamakin ganin takardata bayan shekara goma sha tara ba ma magana.

Tafki ya ja baya sosai bana. Shekaranjiya ina tafiya inda dā ruwa ke shanye mutum, sai na ga bakin katako a cikin laka. Na tona. Kwalekwalena ne, Dogo, wanda na tsaya gaban mutane na ce kai ka kwance shi don na hana shanunka mashaya. Igiyarsa tana nan ɗaure da guntun turke. Turken ne ya ruɓe, iska ta ja kwalekwalen ya nutse.

Na zalunce ka. Ka yafe mini.

Maƙwabcinka na dā,
Na-Ruwa

Na-Ruwa,

Na samu takardarka, ina amsa gaisuwa. Wato sai da laka ta ba da shaida ka yarda? Taurin kanka na nan, ashe.

Ka tara mutanen da ka faɗa wa, ka nuna musu.

Ni ina zaune a bene, hawa na uku. Shanun an sayar tun da ƙafata ta ƙi. Tagata bangon wani gida take kallo. Gauraki suna sauka har yanzu? Barewa fa?

Dogo

Dogo,

Bayan gaisuwa. Wa zan tara? Gida huɗu suka rage. Maƙeri ya rasu, mai saƙar tabarma ta bi 'yarta. Na kira matar maƙeri na nuna mata, ta ce ita ba ta ma tuna rigimar ba.

Gauraki sun zo, ba kamar dā ba. Na ƙirga goma sha ɗaya. Barewa uku suna shan ruwa da hantsi a mashayar da muka yi faɗa a kanta, ba mai korarsu. Ciyawa ta kai ƙugu har iyakar ganin ido, babu bakin da zai ci.

Ka zo. Na share maka ɗaki.

Naka,
Na-Ruwa

Na-Ruwa,

Na yafe, tun ran da na karanta ta farko. Jan rai kawai na yi.

Zuwa kam, likita ya hana, ɗana ma ya ƙi. Uwar yarana tana kwance a kabarinta gabas da tafki, ƙarƙashin itatuwan ƙaya biyu. Shekara shida ba wanda ya je. Ka cire mata ciyawa, ka yi mata addu'a.

Allah ya bar zumunci.

Dogo