Rasuwar Malam Bilyaminu Rabe da Maganar Turmin Inna

Cikin alhini da mutuwar jiki, tare da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Duba-Gari ta Yankin Anka, Gummi da Bukkuyum ta samu labarin rasuwar ubanta kuma jagoranta, Babban Jami'in Duba-Gari, Malam Bilyaminu Rabe Bukkuyum, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata bayan la'asar a gidansa, bayan doguwar jinya, aka kuma yi masa sutura kafin faɗuwar rana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A madadin shugabanni da ɗaukacin 'ya'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Hajiya Mardiyya, da 'ya'yansa da jikokinsa, da masu martaba iyayen ƙasa, da masu girma shugabannin ƙananan hukumomin da ya yi wa hidima, da limamai da dattawan gari, musamman kuma ga ƙanwarsa ciki ɗaya, Malama Zaliha ta Tungar Guru, wadda muke roƙon a karanta mata wannan saƙo har ƙarshensa.

Ba za mu ce marigayin ya rayu cikin farin jini ba, domin aikin duba-gari bai taɓa jawo wa kowa farin jini ba, shi kuwa bai taɓa nema ba. Mahautan kasuwar Gummi ba su manta da ranar da ya sa aka binne musu naman saniyar da ta mutu kafin wuƙa ta kai wuyanta ba. Masu zubar da shara a magudanar ruwa a Anka sun san ƙarar babur ɗinsa fiye da yadda suka san muryar mai unguwarsu. Shi ya tashi majalisar matasan da ke shaye-shaye a bayan tasha, shi ya gurfanar da masu wankin ƙasar zinariya a tafkin da mata ke ɗibar ruwa, bai kuma taɓa sassauta wa mai laifi don ya san ubansa ba. Mu da muka tashi a hannunsa mun sha faɗa har mun gode Allah. Duk da haka, da wuya ka samu ɗayanmu da bai ci tuwon gidansa ba.

Amma aikin da aka fi saninsa da shi ya samo asali ne daga shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta auka wa 'Yargalma da Tungar Guru da Duza da maƙwabtansu, yara suka riƙa jijjiga suna shiɗewa a bayan iyayensu mata, aka riƙa haƙa ƙananan kaburbura har masu haƙa suka daina ɗaga kai su dubi juna. Da aka gane cewa dutsen zinariyar da ake kawowa cikin gida ana dakawa shi ne sanadi, hukuma ta hana, aka kuma ɗora wa 'yan duba-gari tabbatar da hanin. A nan gizo ya so ya yi mana saƙa, domin dakan a cikin gida ake yi, gidan matan aure kuwa ba namiji ke faɗa masa kai tsaye ba, mu kuma a lokacin duk maza ne. Malam Bilyaminu bai taɓa ƙetare zauren kowa ba. Tsayawa yake yi a jikin katanga ya karkata kai ya kasa kunne. Shi ya koya mana cewa taɓarya in ta sauka kan gero muryarta a cike take, mata kan yi lugude har su haɗa da tafi da waƙa, amma in ta sauka kan dutse sai ka ji amo busasshe, a tsinke, babu kuma macen da ke waƙa tana dakan dutse. In ya ji haka sai ya yi sallama da mai gida, ya zauna a ƙofa, ba zai tashi ba sai an mirgino masa turmin, domin turmin da ya ci dutse da safe shi ne ake dakan furar yara a ciki da rana. Mata suka laƙaba masa suna Kasa-Kunne, wasu in sun hango inuwarsa sukan ɗaga murya ta bayan danga su ce, “Gero na, Malam, wuce abinka!” Yakan yi murmushi ya wuce, in har geron ne.

Ranar da ya tsaya a jikin wata katanga a Tungar Guru ya ji busasshen amon nan, gidan mijin ƙanwarsa ne. Malama Zaliha ba ta daɗe da binne 'ya'yanta biyu ba, Salim da Ma'u. Turmin da take daka a ciki kuwa na mahaifiyarsu ne, Inna, wanda ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Gidan ƙanwarsa ne, da ya so da ya shiga ya yi mata magana a asirce. Bai yi haka ba, ya zauna a ƙofa kamar yadda yake yi wa kowa, aka mirgino turmin a gaban 'yan unguwa, ya ɗaure shi a bayan babur. A ganinsa adalci ya yi. A ganinta, yayanta ya tsaya a bainar jama'a ya nuna cewa da hannunta ta kashe 'ya'yanta. Tun daga ranar ba ta sake amsa gaisuwarsa ba, ko da salla, ko da biki, ko ranar da aka rufe Inna.

Duk turamen da aka karɓe an binne su a ramin da aka zuba gurɓatacciyar ƙasar da aka kankare daga gidaje, ban da wannan ɗaya. Mutumin da ya binne na kowa ya kasa binne na mahaifiyarsa, ya kuma ƙi mayar da shi. Ya naɗe shi cikin leda mai kauri ya kulle a ɗakin ajiyar ƙungiya, ya shekara fiye da goma yana wuce ƙofar ɗakin ba ya dubanta. A 'yan shekarun nan muka lura yakan katse magana a tsakiya ya karkata kai, alhali babu mai daka a kusa. Hajiya Mardiyya ta shaida mana cewa a kwanakin jinyarsa ya sha tambayarta ko wace ce ke daka a bayan ɗaki, ta fita ta duba ta tarar ba kowa sai kaji. Mu ma da ya horar, har yau ba ma iya wuce katangar gida ba tare da ƙafarmu ta rage sauri ba, kuma muna jin tsoron abin da za mu ji.

Bayan an idar da sallar jana'iza, liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, sahu ya amsa, har da waɗanda ya taɓa kai wa kotu. Malama Zaliha ba ta zo zaman makoki ba. Ta aiko mijinta da saƙo zuwa ga wannan ƙungiya, muna kuma kawo shi yadda ya iso mana: “Ku hwaɗa musu su maido min turmin Inna. In sunka maido, na yahe mai.”

Shugabannin ƙungiya sun zauna a kan wannan magana, zaman da ba mu taɓa yin mai nauyinsa ba, domin mun san abin da ake nufi da mutum ya kwanta a kabari da haƙƙin 'yar uwarsa a wuyansa. Mun kuma fahimci cewa ba itace Malama Zaliha take nema ba, so take a mayar mata da shi jama'a su gani, a san cewa turmin lafiya lau yake, ita ma hannunta wankakke ne. Cikin girmamawa da ɓacin rai muke sanar da ita cewa ba za mu iya ba. Dalma ta riga ta shige cikin naman itacen, wanki ba ya fitar da ita, gidan kuma yanzu cike yake da jikoki masu rarrafe.

Abin da za mu iya ba ta shi ne wata magana da marigayin bai taɓa iya faɗa mata ba, wadda muke bayyanawa da izinin mai ɗakinsa. A watannin da suka gabaci rasuwar yaran, duk ranar da aiki ya kai shi Tungar Guru yakan biya gidanta ya sha fura. Yakan ɗora Salim a cinya, ya sha ludayi ɗaya ya ba yaron ɗaya, yana yaba daɗin furar turmin Inna. A lokacin shi jami'in lafiya ne mai kaki, yana ganin buhunan dutse jingine a tsakar gidan, bai san komai ba, kamar yadda ita ma ba ta sani ba. Bai taɓa ɗora mata laifi ba ko a bayan idonta. Abin da yake ta maimaita wa iyalinsa har ƙarfinsa ya ƙare shi ne, “Ita daka ɗai ta yi. Ni nib ba shi da hannuna.”

Ƙungiya ta yanke shawarar binne turmin bayan addu'ar bakwai, a gaban mai unguwa da liman. Kafin nan ɗakin ajiyar zai kasance a buɗe ga Malama Zaliha, mazan ƙungiya za su janye daga harabar, abokan aikinmu mata ne za su tarbe ta in ta ga dama ta zo ta yi sallama da kayan mahaifiyarta. Ba mu da ikon tilasta mata yafiya, ba kuma za mu ga laifinta ba in zuciyarta ta ƙi. Roƙonmu kawai ta sani cewa daga yau ba yayanta ne ya hana ta turmin ba, mu ne, in akwai haƙƙi a cikin hanin to a wuyanmu yake. Shi a sake shi ya huta.

Muna roƙon Allah Mai Rahama Ya gafarta wa Malam Bilyaminu Rabe, Ya haskaka makwancinsa, Ya sanya shiru da natsuwa a kabarinsa, Ya haɗa shi da Inna da Salim da Ma'u da sauran yaran wannan yanki a Aljannar Firdausi. Allah Ya ba Hajiya Mardiyya da 'ya'yanta juriyar wannan rashi, Ya sanyaya zuciyar Malama Zaliha, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Atiku Modibbo Gummi
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Ma'aikatan Duba-Gari ta Yankin Anka, Gummi da Bukkuyum