Sunan Baba a Ƙofar Gonar Zaitun

Melbourne, 9 ga Maris, 1994

Ƙanwata Garifaliya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da Mama da maigidanki da yara kuna lafiya. Ni ma ina nan, ban da ciwon bayan da na saba da shi.

Saƙonki ya iso. Gwangwanin man zaitun ya zo lafiya. Tirahanar da Mama ta shanya min kuwa, mutanen kwastan sun riƙe, wai alkama ce da aka kwaɓa da nono. Takarda suka aiko min a madadinta. Kada ki gaya mata.

Na ga katin gayyata. Ashe a watan Mayu za a buɗe gonarmu ga masu yawon buɗe ido, su zo su kalli daɓen Rumawa, su fito su ci akuyarki da lemun tsami a rumfar da kika kafa bakin shinge. Allah ya sa albarka, da gaske nake. Amma na kuma ga hoton allon da za a kafa a ƙofa da sunan Baba: "Anargiros Kalogeras, manomi, wanda ya gano wannan wuri a 1968 ya kuma sanar da hukuma." Sau uku na karanta, sannan na yi dariya ni kaɗai a ɗaki.

Kina da shekara tara a lokacin, bari in tuna miki. Garmata ce ta ci karo da daɓen nan. Na share ƙasa da hannu, sai ga kifaye da wata mace riƙe da tulu, an jera su da ƙananan duwatsu masu launi. Baba ya leƙo ya ce, "Rufe, sakarai. Ba ka ga komai ba." Haka kowa yake yi a ƙauyenmu. Maƙwabcinmu Thanasis ma a cikin kan wani ginshiƙin mutanen dā da aka fafe awakinsa suke shan ruwa. Ni kuwa ɗan shekara sha tara, kaina cike da abin da malami ya faɗa mana a kan kakanninmu, na taka da ƙafa har birnin Kalamata na kai rahoto. Da na dawo, da sandar kaɗa zaitun Baba ya tarye ni. "Ka sayar da mu saboda hoton kifi! Fita, kada in sake ganinka."

Ba zan ce ƙarya ya yi ba. An kewaye gonar da waya, an sare itatuwa arba'in, kuka yi shekara goma sha huɗu ba ku tsinki ƙwaya ɗaya a cikinta ba. Ya san abin da zai biyo baya, ni ban sani ba. Wannan na ba shi. Amma shekara ashirin da shida ina fesa fenti a masana'antar mota a ƙarshen duniya, an binne shi ba na nan, kuma abu ɗaya tak da na taɓa yi wanda zan nuna, shi ma an ɗauka an ba wanda ya dake ni a kansa.

Wata Malama Aspasiya, mai kula da tonon kayan tarihi a gonar, ta rubuto min. Ta ce a tsohon rajista "S. Kalogeras" ne ya sa hannu, tana so ta sani ko ni na kai kaina ko aiko ni aka yi, kafin a zuba tagullar allon. Na ɗauki biro. Na ce dai bari in fara sanar da ke.

Ki gaida Mama. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Stamatis

Ƙauye, 27 ga Maris, 1994

Yaya Stamatis,

Muna gaishe ka. Mama tana lafiya, sai ido da ya yi rauni. Ni na karanta mata wasiƙarka, na tsallake rabi.

Ka ce bari ka tuna min? To, malam mai tarihi, zauna ni ma in tuna maka abin da ba ka gani ba. Ranar Talata ka tafi. Ranar Juma'a 'yan sanda suka shigo ƙauye, ka san zamanin sojoji ne, ba a tambayarsu dalili. Gida goma sha ɗaya suka bincika suna neman kayan tarihi. Suka kwashe kwamin awakin Thanasis, suka cire tsohon dutsen dokin ƙofar gwauruwa Marigo. Ka tuna yadda burodinmu yake fitowa da haruffa a ƙasansa, muna dariya muna cewa burodin Mama ya yi makaranta? Dutsen da ke shimfiɗe cikin tanderunta mai rubutu ne. Da diga suka rushe tanderun, kullu yana kan katako yana jira. Suka tafi da Baba, kwana tara.

Bayan nan ba mai gaishe mu. Ranar sadakar Kaka muka kai dafaffiyar alkama coci, ba wanda ya miƙa hannu, muka dawo da tire cike muka zuba wa kaji. A bakin famfo mata sukan ce min, "Garifaliya, yau wa za ku kai wa hukuma? Surukata ma tsohuwa ce, ku zo ku ɗauka."

'Ya'yan Thanasis uku suka rantse sai sun same ka kafin ka hau jirgi, har sun san ɗakin da kake kwana a tashar jiragen ruwa ta Piraeus. Ranar da aka sako Baba, bai ko biyo gida ba, ya wuce shagon kofi ya tsaya a tsakiya ya ce, "Ni na aiki yaron. Mai magana ya yi da ni." Haka ya faɗa wa 'yan sanda, haka ya faɗa wa fadan coci, haka yake faɗa har ya mutu. Shekara ashirin yana shan kofinsa a tebur shi kaɗai. Daga bakinsa aka samo abin da ke kan allon nan, yaya. Lokacin da ya karɓi sunan, zagi ne.

Ya hana mu gaya maka. Ya ce in ka ji za ka dawo, su kuwa suna nan. Da ya rasu, wallahi ban san ta inda zan fara ba.

Rubuta wa malamar abin da ka ga dama, gaskiyarka ce. Amma ka zo a Mayu. Mama ta cika tamanin da ɗaya. Yanzu 'ya'yan Thanasis ɗin nan su ke sayar wa baƙi zuma da katin hoton kifinka, har suna tambayata yaushe za ka zo. Ka zo ka gani da idonka.

Taka,
Garifaliya

Melbourne, 14 ga Afrilu, 1994

Garifaliya,

Ina gaishe ku duka.

Na rubuta wa Malama Aspasiya cewa mahaifina ne ya aike ni. Layi biyu. A zuba tagullar yadda take. Ya biya sunan fiye da yadda na biya.

Ba zan zo a Mayu ba. Ba zan iya zama kusa da 'ya'yan Thanasis ina tafi ba, kuma ba zan iya tsayawa gaban allon ba tukuna. Ki ce wa Mama aiki ne ya riƙe ni. In bayana ya bari, sai lokacin tsinkar zaitun, ba alkawari na yi ba.

Shekara shida ke nan da rasuwarsa, ƙanwata. Kin aiko min man zaitun sau shida, ba ki taɓa saka wannan magana a ciki ba. Ban riƙe ki ba, umarninsa kika bi. Amma shekara ashirin da shida kullum da jin haushinsa nake tashi in tafi aiki. Jiya na farka, na zauna bakin gado, na rasa abin da zan tashi da shi.

Ki huta lafiya.

Stamatis