Kaset ɗin da ya kusa zuwa hannun liman

Baba,

Assalamu alaikum. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma akwai labarin da in ban ba ka ba zai yi ta cina. Da kana nan, da ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Muna lafiya a unguwarmu Ka'akiyya, nan birni mai tsarki. Ƙanwata Hauwa ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Ni kuma ina nan ina tuƙa bas a unguwar Aziziyya.

Ka tuna kaset ɗin kiɗan Turawa da wani injiniya ya ba ka a Jidda tun ba a haife ni ba? Wanda ka manna wa takarda ka rubuta "Wa'azi" don kada a dame ka da surutu? Makon jiya Umma ta tattara kaset-kaset ɗinka na karatu da wa'azi a kwali, za a kai wa limamin unguwa sadaka, ladan ya iske ka. Na leƙa, sai ga shi a tsakiya! Baba, ina za mu sa kanmu in liman ya danna, ganga ta tashi?

Kuma wallahi ba na so ya bar gidan nan. Har yau ina jin yadda yake farawa, ganga da sauri kamar an biyo mai bugun, jita tana sara gajere-gajere, sai mawaƙin ya shigo da murya irin ta mai shaƙuwa. Ba ka jin kalma ɗaya, amma kana buga sitiyari daidai da shi. Muna zuwa iyakar Harami kake kashewa, ko waƙa tana tsakiya. Wani abokin aikina ɗan Indunusiya ya binciko min shi a waya. Ashe sanannen faifai ne, na farkon wani sabon salo da aka yi yayinsa tun kana saurayi. Sunan ya gagari bakina.

Ga wata gaskiya da ban taɓa faɗa maka ba. Wurin nan da waƙa ta huɗu take tsalle, ba rediyon mota ne ya tauna shi ba. Ni na tsinka zaren, na liƙa da salatif. Shekara nawa kana zagin rediyo marar laifi? Ka yafe min.

Kwana biyu ina zagaya kwalin. Ɗauka a ɓoye ba ta yiwuwa, Umma ta san adadinsu. A ƙarshe na durƙusa na faɗa mata, ina kallon tabarma, ina jin kamar na tona maka asiri.

Baba, dariya ta yi har da riƙe ƙofa. Ta ce shekarar da ka kawo ta daga Damagaram, duk ranar da kewar gida ta sa ta kuka, shi kake sa mata, ka yi ta wata irin rawa kamar mai taka garwashi. Tun rasuwarka take nemansa. Ba ta iya karatu ba, duk kaset iri ɗaya ne a idonta, kuma kunya ta hana ta tambayar ɗanta.

An kai wa liman sauran. Wannan kuwa jiya bayan la'asar ta sa na rufe taga na kunna. Ta ɗaure fuska tana tsince shinkafa, amma ina ganin babban yatsan ƙafarta yana bin gangar.

Allah Ya kai haske kabarinka, Ya haɗa mu a Aljanna.

Ɗanka,
Sani