Jan Ƙyalle a Butata

Daren Laraba, Safana

Har yanzu raina a ɓace yake. Malama Hadiza kaɗai na gaya wa ƙurajen da suka fito mini a gaba, ita ma don ta raka ni asibiti ne. Yau ina shiga makaranta na tarar an ware mini buta a bayin malamai, har da ɗaura mata jan ƙyalle. Wai kar a kwashi sanyi.

Da aka tashi, ni kaɗai na tafi asibitin. Nas ta duba ta ce, "Malama, wannan ba cutar ɗauka ba ce. Da me kike cire gashi?"

Da man da Hadizar ta tallata mini mana.

Gobe zan kwance ƙyallen nan in ɗaura wa kwalbar man, in dire mata a tebur gaban kowa.