Baba a Gindin Hasumiyar Waipapa

Tokanui,
Talata.

Yaya Alasdair,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Moana da yara. Yaya zafin Perth? Mu nan kullum ruwa da iska.

Na san Anti Jean ta riga ta kira ka tana kuka. To ka kwantar da hankalinka, Baba yana gida, yanzu haka gyangyaɗi yake gaban murhu.

Ranar Asabar na fita duba tumaki, na dawo ba shi, ba tsohuwar motarsa. Mutumin da likita ya hana tuƙi, wanda yanzu da sunan Mama yake kirana. Maƙwabta suka bazu cikin gonaki, ni kuwa bakin teku kawai nake tunani. Can sai Hemi, direban bas ɗin masu yawon buɗe ido, ya bugo waya yana dariya, wai in zo Waipapa in ɗauke tsohona kafin ya raba shi da aikinsa.

Na same shi a gindin hasumiyar fitilar da ke haska wa jiragen ruwa hanya, da silifas ɗin ɗaki, baƙi sun kewaye shi. Yana ba su labarin jirgin ruwan da ya farfashe a duwatsun nan zamanin kakanni, yadda mutane suka tsaya a gaɓa suna kallo ba halin taimako, har aka gina hasumiyar saboda haka. Kamar dai shekarun da yake aikin raka baƙi a gundumar nan, ko tuntuɓen harshe bai yi ba. Har ya tsawata wa wani Bajamushe da ya matsa kusa da wata ƙatuwar dabbar ruwa, zakin teku, zai ɗauki hoto, wai dabbar ta fi shi gudu, ta kuma fi shi hankali.

Da ya hango ni sai ya ce musu, "Ga 'yata Morag, ita ke riƙe da gonar yanzu." Yaya, rabon da ya faɗi sunana tun Kirsimeti. Na zagaya bayan bas na sha kukana.

Makullin motar dai na ɓoye shi. Amma Hemi ya ce duk Asabar zai biyo ya ɗauke mu, Baba ya riƙa ba baƙi labari, ni in zauna a kujerar baya, kuma na amince. Baba ya ce shi bai san wane ne Hemi ba, amma yaron yana buƙatar horo.

Ka yi ƙoƙari ka zo da wuri, tun yana iya ba ka labarin nan da bakinsa.

A gaida Moana da yara.

Ƙanwarka,
Morag