An Tace Muryar Yaya

Zuwa ga ƙanwata Casilda,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki? Ya haƙurin rashin Yaya Eleuterio? 'Yata Yusmary ke rubutawa, ni ina faɗa.

Lafiya muke a gonar kofin nan ta Kolombiya, sai sanyi, shi ma na fara sabawa.

Casilda, ba share Yaya na yi ba. Sabis a dutsen nan ɗigo-ɗigo yake zuwa. Shi ne surukina Wilmer ya saka wa wayata abin tace saƙo, rubutu ya wuce da sauri, murya da hoto su tsaya. Na ce, "Kai ɗan nan, ni da ban iya karatu ba?" Ya yi dariya, ya ce, "Mama, surutunku na tsofaffi ke toshe hanyar."

Jiya muka sauka gari, ya cire abin. Saƙonnin muryar Yaya bakwai suka shigo. A na ƙarshe, da sunana na gida ya kira ni, da kyar yake cewa, "Melinda, fushi kike da ni?" Wilmer ko abinci ya kasa ci.

In kin je kabarinsa, ki gaya masa sai jiya na ji.

Allah ya jiƙansa.

Yayarki,
Hermelinda